Darussan da na koya a kan tsare mahaɗan ofis

Ƙarshen watan nan zan ajiye aiki, kuma an ce in rubuta takardar miƙa aiki ga wanda zai karɓe ni. Na rubuta, tana hannun sashen ma'aikata: inda fayiloli suke, wa ke riƙe da wace kalmar sirri, da ranar da saƙon mako ke fita. Sai dai akwai abin da irin wannan takarda ba ta ɗauka, wato dalilin da ya sa nake yin wasu abubuwa yadda nake yinsu, har wasu na ganin taurin kai ne. Shi nake so in faɗa. Waɗanda muka yi aiki tare sun san saƙon Alhamis, wato imel ɗin da sashenmu ke aikawa kowane mako ɗauke da mahaɗai (links) na takardun da ke intanet, sun san jadawalin da nake ajiye mahaɗan a ciki, ba sai na tsaya dogon bayani ba.

Mahaɗi ba shi ne takardar ba. Adireshi ne kawai, kwatancen inda takardar take a ranar da aka duba. In ka yi wa baƙo kwatancen gidan wani, ba ka ba shi tabbacin cewa mai gidan bai tashi ba, ko ba a sayar da gidan ga wani ba. Kowa zai gyaɗa kai in aka faɗi haka, amma da an zo aiki sai a riƙa ɗaukar mahaɗi tamkar abin da aka sa a durowa aka kulle. A 2024 cibiyar bincike ta Pew da ke Amurka ta fitar da rahoto cewa kashi 38 cikin 100 na shafukan da ke kan intanet a 2013 ba sa buɗuwa bayan shekara goma. Tun kafin nan, a 2014, masu bincike a Jami'ar Harvard sun bi mahaɗan da ke cikin hukunce-hukuncen Kotun Ƙolin Amurka, suka tarar kusan rabinsu ba sa kai mutum ga abin da alƙalan suka yi nufi. Kotun ƙoli ke nan da ɗakin karatunta da ma'aikatanta, ina ga ƙaramin ofis irin namu.

Saboda haka ne jadawalina ya kasance yadda kuka san shi. Kowane layi yana da taken takardar kamar yadda mai ita ya rubuta, da cikakken adireshinta komai tsawonsa, da ranar da na buɗe ta da idona, da jimla ɗaya da ke faɗin abin da ke ciki da wanda zai amfana da ita, sai gurbi na ƙarshe na kwafin da aka adana. Wannan gurbin na ƙarshe shi ya fi cin lokaci, shi ne kuma ba wanda ya taɓa yaba mini a kansa. Duk shafin da zan sa a saƙo, sai na fara kai adireshinsa Wayback Machine, ma'adanar da Internet Archive ke gudanarwa, na ce a adana shi yanzu. Brewster Kahle ne ya kafa wannan cibiya a 1996, aka buɗe ma'adanar ga jama'a a 2001, kuma kyauta ce. In takardar PDF ce, nakan sauke kwafi in sa a foldar sashe. Safiyar Alhamis kuwa, kafin saƙo ya fita, nakan latsa kowane mahaɗi ɗaya bayan ɗaya, in karanta abin da ya buɗe.

Haka ake tafiya har aka kawo mana sabon shugaban sashe. Ba zan kira sunansa ba, waɗanda suka sani sun sani. Mutum ne mai son abu ya yi kyau a ido, mai son lissafin da zai nuna wa na sama. A makonsa na farko ya kira ni ofishinsa, saƙon makon jiya na buɗe a gabansa.

"Malama, wannan hargitsin haruffan ya ɓata saƙon. Daga yau a gajarta su duka. Na buɗe asusu a shafin gajarta mahaɗai, zan riƙa ganin mutum nawa suka latsa kowane ɗaya."

Son sanin wanda ke karantawa ba laifi ba ne, ban kuma yi musu a kai ba. Abin da na roƙa kaɗan ne. "Yallaɓai, a bar mana asalin adireshin a jadawali, ko da ba za a sa shi cikin saƙon ba. Kuma asusun a buɗe shi da imel ɗin ofis."

"Adireshi biyu ga abu ɗaya rikita yara zai yi. A goge dogon. Asusu kuma na riga na buɗe, ba sai an sake ba."

Da imel ɗinsa na kansa ya buɗe shi. Bayan 'yan makonni ya dawo kan safiyar Alhamis. Ya ce zamanin latsa ɗaya-ɗaya ya wuce, akwai manhajar da ke duba mahaɗi ɗari cikin minti guda, don haka in bar wannan ɓata lokacin in riƙa zama ina ɗaukar bayanan taron da ya ƙirƙiro a daidai wannan lokacin. Adana kwafi ma ya ce in dakatar. Na gaya masa abin da manhajar ba ta iya gani. Ya yi murmushi ya ce, "Ke dai kin saba da tsohon yayi."

Ga abin da manhajar ba ta gani, kuma ina so wanda zai gaje ni ya fahimce shi sosai, domin a nan komai ya lalace. Idan burauza, wato manhajar buɗe shafukan intanet, ta nemi shafi, kwamfutar da ke riƙe da shafin kan amsa da lamba. Lamba 200 na nufin ga shi, 404 na nufin babu shi a nan. Irin manhajar da aka ba mu lambar kawai take karantawa, ba ta san abin da ke rubuce a shafin ba. Shi kuwa sunan gidan yanar gizo haya ake yinsa, ana sabuntawa in wa'adi ya cika. In ƙungiya ta rufe, ko wanda ke biya ya bar aiki aka manta, bayan ɗan lokacin jira sunan kan koma kasuwa, kowa na iya saya. Akwai masu farautar irin waɗannan sunaye musamman, saboda sun san tsofaffin mahaɗai na ci gaba da turo musu baƙi. Sai su ɗora shafin caca ko abin da ya fi shi muni. Shafin yana buɗuwa lafiya lau, yana amsawa da 200, manhaja ta sa masa koren maki. Mahaɗin da ya mutu ya nuna 404 ya yi maka adalci, ya gaya maka gaskiya. Wanda ya fi haɗari shi ne wanda ke raye amma ya canja hannu.

Ƙarshen shekara aka haɗa babban saƙon da ake aika wa kwamitin amintattu da masu tallafa mana, mai ɗauke da muhimman takardun da muka yi aiki da su. A ciki akwai rahoton wata ƙaramar ƙungiya da muka daɗe muna ambato. Manhaja ta ce komai daidai. Gajeren mahaɗin bai nuna sunan inda zai kai mutum ba, 'yan haruffa ne da lambobi, ba abin da ido zai tsaya a kai. Ni kuma a safiyar ina ɗakin taro ina rubuta wa ya ce me. Shugaban sashe da kansa ya latsa aikawa.

Ɗaya daga cikin dattawan kwamitin, mutumin da kowa a gidan nan ke jin nauyinsa, ya zauna karanta saƙon tare da jikarsa da ke taimaka masa da kwamfuta. Ta latsa mahaɗin rahoton. Shafin caca ya cika allon, da hotunan da ba zan siffanta ba. A daren ya kira babban darakta.

Taron Litinin ban manta ko minti ɗaya a cikinsa ba. Babban darakta ya tambayi yadda aka yi. Shugaban sashe ya buɗe hannuwa ya ce, "Ranka ya daɗe, Malama ce ke kula da mahaɗai tun kafin in zo. Ni ban shiga wannan ɓangaren ba." A ɗakin akwai waɗanda suka ji da kunnensu ranar da ya hana ni dubawa. Wani ya sunkuyar da kai kan littafinsa, wata ta shiga gyara mayafi. Na ce an umarce ni in daina dubawa. Aka ce ina shaida. Babu, domin duk umarninsa da baki yake bayarwa, a tsaye, a bakin ƙofa, ko yana wucewa. Kafin azahar takardar tuhuma ta iso teburina, da kalmar sakaci a layinta na farko. Ni da nake zuwa kafin kowa ranar Alhamis don kada mahaɗi ɗaya ya kunyata gidan nan, ni aka rubuta wa sakaci. Na amsa ta yadda zan iya, aka sa ta cikin kundina, kuma har yau tana nan.

Ba na riƙe da waɗanda suka yi shiru a rai, kowa na da iyalin da yake ciyarwa. Amma ba zan ce abin bai yi mini ciwo ba, kuma ba zan ce ya warke ba. An yi ta ce mini in bar wa Allah. Na bari. Barin ba ya hana in faɗi yadda aka yi.

Tun daga ranar, duk umarnin da aka ba ni da baki wanda ya taɓa yadda ake aiki, ina komawa tebur nake rubuta gajeren imel: "Yallaɓai, kamar yadda ka umarta ɗazu, daga wannan makon zan daina kaza. Idan ban fahimta daidai ba a gyara mini." Cikin ladabi, ba zargi, ba tsawo. Na lura da abu guda: umarnin da aka san za a rubuta shi, sau da yawa janye shi ake yi kafin a tashi. Bayan abin ya faru shugaban sashen ya yi ƙoƙarin sake ɗauke ni daga duban Alhamis, na aika masa irin wannan saƙon, ya amso da cewa ba haka yake nufi ba.

Ba a jima ba aka yi masa canjin wurin aiki, da ƙarin girma, da liyafar ban-kwana. Ya tafi da asusun gajarta mahaɗai, tunda da imel ɗinsa aka buɗe. An kira shi, an rubuta masa, ya ce ya manta kalmar sirri, daga baya ya daina amsawa. Gajerun mahaɗan na ci gaba da aiki, amma ba mai iya shiga ya ga jerinsu ko ya gyara inda ɗaya ke nufa. Jadawalin sashe kuma ya zama tarin 'yan haruffa marasa ma'ana, tunda an goge asali. Abin da ya cece mu al'adata ce ta sauke kwafin jadawalin duk ƙarshen wata in ajiye daban. Kwafin da na sauke kafin zuwansa na nan da dogayen adiresoshinsa cif. Daga shi na sake gina komai, layi bayan layi, bayan an tashi daga aiki. Na zamaninsa kuwa sai da na latsa kowane gajere na kwafo inda ya sauka. Ba wanda ya sa ni, ba kuma wanda ya rubuta shi a wani rahoto.

Rahoton ƙaramar ƙungiyar nan ma na same shi. Kwafin da na adana a Wayback Machine tun farkon amfani da shi yana nan, da ranarsa a sama. Na tura wa dattijon da 'yan layuka na ban haƙuri da bayanin yadda sunan shafin ya canja hannu. Ya amso da hannunsa, ya yi mini addu'a, ya ce yanzu ya gane. Wannan amsar na buga ta a takarda, ita zan tafi da ita gida.

Wani zai ce to a nemi babban kamfani a damƙa masa ajiyar a huta. Tarihin wannan fanni bai goyi bayan haka ba. Delicious, wanda aka fara a 2003, a zamaninsa shi ne wurin da masu tara mahaɗai ke taruwa. Yahoo ya saye shi a 2005, ya sayar a 2011, ya yi ta canja hannu har a 2017 aka daina ƙara sabon abu a cikinsa. Google ya rufe Google Bookmarks a Satumbar 2021. Mozilla ta rufe Pocket, manhajar ajiye shafuka don karantawa daga baya, a Yulin 2025, bayan ta saye shi a 2017. Na'urar gajarta mahaɗai ta Google, wato goo.gl, ta daina karɓar sababbi a 2019, a 2024 kuma kamfanin ya sanar cewa tsofaffin za su daina aiki a Agustan 2025, kafin daga baya ya sassauta ya ce zai bar waɗanda ake amfani da su. Ba sharri ba ne, kasuwanci ne, kowane kamfani da lissafinsa. Amma gajeren mahaɗi na nufin ka ɗora rayuwar takardarka a kan gidaje biyu maimakon ɗaya: mai takardar da mai gajartawa. Ɗaya ya rufe, ka rasa hanya. Ban hana a yi amfani da kowace manhaja ba, ni ma ina amfani da Zotero wajen takardun bincike, kuma tana da kyau. Sharaɗina dai shi ne uwar ajiya ta zauna a jadawali mai sauƙi da kowace kwamfuta za ta iya buɗewa, a asusun ofis, ba na mutum ɗaya ba. Alamomin shafi da ke cikin burauza ma haka: Chrome da Firefox da Edge duk suna barin a fitar da su a fayil ɗin HTML, kuma aikin bai kai minti biyu ba. Wanda bai fitar ba, ranar da aka karɓi kwamfutar ofis aka wanke ta zai sani.

Sauran abubuwan ƙanana ne, zan bi su da sauri.

A yanke wutsiyar bin diddigi kafin a ajiye. Abin da ya biyo bayan alamar tambaya ya fara da utm_, ko fbclid da Facebook ke liƙawa, ba ya cikin adireshin takardar, na masu ƙirga baƙi ne. In an yanke, dogon adireshin da ake kuka da shi yakan koma rabi. Sai dai a gwada bayan yankewa, don wasu shafukan na buƙatar wani ɓangare na abin da ke bayan alamar.

Takardar bincike in tana da lambar DOI, wato lambar shaidarta ta dindindin wadda ke farawa da 10 da ɗigo, ita za a ajiye, domin ko mujallar ta sauya gida lambar na bin ta.

Mahaɗin Google Drive ko OneDrive a gwada shi a tagar sirri ta burauza (incognito), inda ba a shiga asusunka ba, kafin a aika. A kwamfutarka zai buɗe tunda kai ne mai shi, a hannun wanda ka tura wa kuma ya nemi izini. Kuma fayil ɗin da ke asusun ma'aikaci ɗaya yana iya tafiya ranar da aka rufe asusun.

A cikin imel, kowane mahaɗi a layinsa shi kaɗai, taken takardar a samansa, kada a manna masa aya a ƙarshe. Kada a rubuta "latsa nan". Mutum na da haƙƙin ganin inda za a kai shi kafin ya latsa, kuma matatun saƙonnin banza ba sa son imel mai cike da gajerun mahaɗai, tunda da su 'yan damfara ke fakewa. Saƙo in ya yi nauyi Gmail kan datse shi, in ya haura kilobayit 102, sai na ƙasa su ɓuya sai mai naci ya gan su. Mahaɗi biyar da aka yi wa bayani sun fi talatin da aka zuba. Masu karɓa in suna da yawa kuma ba su san juna ba, adiresoshinsu a gurbin Bcc, inda ba mai ganin adireshin wani.

Batun folda da lakabi, wato 'yar kalmar da ke nuna fannin takarda, an sha jayayya da ni a kai. Folda cikin folda cikin folda ba ta taɓa yi mini aiki ba, saboda takarda ɗaya kan shafi fannoni uku, kuma bayan wata shida ba mai tuna a wace aka jefa ta. Lakabi kaɗan tsayayyu a gurbi ɗaya sun wadatar, a rubuta jerinsu a saman jadawali, kada kowa ya ƙirƙiro nasa. Jimlar bayanin nan ita ce ainihin abin da ake nema da shi. A rubuta ta da kalmomin da mai nema zai tuna, ba da na kan takardar ba.

Ga ƙanena da zai karɓi aikin: a jadawalin za ka ga layukan da na shafa wa ja. Na zamanin da aka hana adana kwafi ne, shafukansu sun mutu kafin in dawo kansu, ma'adanar ma ba ta da su. Na rubuta wa wasu daga cikin masu takardun, kaɗan sun turo, sauran shiru. Kada ka goge layukan, taken da shekarar na iya taimaka wa wani ya gano kwafi a wani wuri. Ma'adanar kanta kada ka dogara da ita ita kaɗai, a Oktobar 2024 an kai mata harin kutse ta tsaya na kwanaki, don haka duk abin da ke da nauyi ka sauke kwafinsa a foldar sashe.

Ga shugabar sashe ta yanzu kuma, wadda ban ga komai daga gare ta ba sai alheri, roƙona ɗaya ne. Ranki ya daɗe, a bar masa safiyar Alhamis. Kada a sa masa taro, kada a aike shi. Ya zauna ya buɗe kowane mahaɗi ya karanta da idonsa kafin saƙo ya fita, kuma a rubuta wannan cikin jerin ayyukansa da sa hannunki.